Shin Ko Kun San? Tsoffin Hanyoyin Ziyara na Japan da Har Yau Ake Bi da Ƙafa

Shin ko kun san cewa a Japan, ƙasar jiragen ƙasa masu gudun walƙiya, akwai mutanen da ke biyan kuɗi don a ja su cikin daji su kwana huɗu ko biyar suna tafiyar ƙasa? Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi sunanta Kumano Kodo, tana ratsa tsaunukan yankin Kii, kudu da birnin Osaka. An fi shekara 1,000 ana bin ta zuwa manyan wuraren bauta uku: Hongu, Hayatama da Nachi. A 2004 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Shin ko kun san sarakunan Japan da suka yi murabus su ne suka fara ba ta suna? Daga Kyoto suke tasowa, tafiya da dawowa kusan wata guda. Sarki Go-Shirakawa, a ƙarni na 12, ya je fiye da sau 30. Daga baya talakawa suka yi ca a kan hanyar, har ana kwatanta ayarinsu da jerin gwano.

Shin ko kun san tafiya da ɗan jagora ba sabon abu ba ne a wurin? Tun a wancan zamani akwai mutanen da ake kira sendatsu, galibi masu bautar cikin tsauni, waɗanda ke tara maziyarta, su nuna musu hanya, su koya musu ladubban wurin, su sada su da masu masauki. Jagoran yau aikin nan ya gāda, sai dai an ƙara masa sauƙi: mota ce ke kai jakar matafiyi masauki na gaba, shi kuwa ya riƙe gorar ruwa da guzurin rana. A ganina abin da ya fi kyau a lamarin shi ne amfanin da ƙauyukan kan hanyar ke samu. Ƙauyukan nan matasa sun watse zuwa birane, tsofaffi ne suka rage, kuma baƙon da ya kwana gidansu, ya ci shinkafa da kifin da suka dafa, shi ke sa tukunya ta ci gaba da hawa murhu. Kuɗin na shiga hannun mutanen da ke share hanyar suna gyara ta bayan kowane ruwa, kuma ruwa a Kii ba wasa ba.

Ambaliyar 1889 ma ita ta ci wurin bautar Hongu na asali, aka mayar da shi kan tudu. A tsohon filin an kafa wata ƙofa mai tsayin kusan mita 34 a shekarar 2000.

Shin ko kun san ruwan da ke kwarara daga dutse a Nachi tsayinsa mita 133 ne? A ƙauyen Yunomine kuma ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, matafiya na dafa ƙwai a ciki.

Shin ko kun san Kumano ta karɓi mata tun da can? Dutsen Koya, inda malamin addinin Buddha Kukai ya kafa cibiyarsa a 816, bai buɗe wa mata ƙofa ba sai 1872. Dutsen Omine har yau bai buɗe ba.

Hankaka mai ƙafa uku da ke jikin tambarin hukumar ƙwallon ƙafa ta Japan, alamar Kumano ce.

Shin ko kun san akwai hanyar da ta ninka ta Kumano nesa ba kusa ba? A tsibirin Shikoku ana zaga wuraren bauta 88, kimanin kilomita 1,200, mai ƙafa kan yi sati shida ko fi. Maziyarcin kan sa farin tufafi, wanda a da yake nufin ya shirya wa mutuwa a hanya, da malafa da sanda. Ba ya doka sandar a kan gada, don sun yi imani Kukai ya taɓa kwana ƙarƙashin wata gada. Mutanen gari kan tare shi da lemo ko shayi ko 'yan kuɗi, kuma ƙin karɓa rashin ladabi ne.

Tun 2015 wanda ya kammala Kumano da hanyar Santiago ta ƙasar Sifaniya ana ba shi takardar shaida ta musamman.

Mai niyyar zuwa Kumano ya nufi watan Afrilu ko Nuwamba, ya kama masauki da wuri don ɗakuna kaɗan ne a ƙauyukan. Ya kuma sanar da jagora abin da ba ya ci tun kafin ya tashi, domin girkin Japan sau da yawa ana ɗiga masa giyar shinkafa.