2.3 Igwa da Ganuwa a Ƙasar Kano

Igwa babbar bindiga ce da ke rakiyar sojan ƙasa domin ta rusa abin da ya tare musu hanya. Don wannan aiki ne Jamusawa suka yi amfani da igwa mai bakin milimita 75 a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai tun a 1903 ƙasar Kano ta ga aikinta, lokacin da rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya da igwa mai wannan baki. Da ita aka fasa ƙofar Bebeji, maƙwabciyar Rano, sannan aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Wannan ya nuna cewa ƙofa ce lagon ganuwa, domin kaurin ƙasar ganuwar Kano ya shanye harsashi, amma ƙyaure bai iya ba.