Duwatsun Ningi da Ganuwar Kakanninmu: Yadda Aka Tsare Iyakar Kudu

Yau hirar tamu a gida za ta tsaya, wato Birnin Kudu da Gwaram.

Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, yankinmu ƙasar Kano ne. A ƙarni na 19 kuwa mu ne bakin iyaka, domin daga kudu da mu duwatsun Ningi ne, a Jihar Bauchi ta yanzu.

Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa da jama'arsa bayan saɓani da masarautar Kano kan haraji. Ya shiga duwatsun nan, ya haɗa kai da mutanen da ya tarar, irin su Butawa da Warjawa. Daga nan Ningi ta zama ƙarfin da ya hana Kano da Bauchi da Zazzau barci har sama da shekara 50.

To me ya sa aka kasa cin su? Ku lura, ƙarfin rundunar sarakuna doki ne, shi kuwa doki fili yake so. A kan dutse hanya siririya ce, sai dai a bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke sama yana hango ƙurar mahaya tun daga nesa, ya ɓoye mata da yara da hatsi, ya laɓe bayan dutse da kwari da baka. Dutsen da kansa shi ne ganuwa.

Mu da ke ƙasa fa? Dole muka gina namu dutsen da hannu. Tsarin shi ake kira ribaɗi, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa, shi kansa ma ya zauna a ribaɗin Wurno har rasuwarsa a 1837. Ga yadda abin yake: a haƙa gwalalo kewaye da gari, ƙasar da aka fitar a ɗaga ganuwa da ita, a bar sarƙaƙiya ta yi kauri a waje, a yi ƙofofi ƙanana da ake rufewa da dare. In an ji kururuwa, manoma su bar gona su ruga ciki da dabbobinsu. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita da kansa don tsare wannan iyaka. Rikicin bai lafa ba sai da Turawa suka ci Ningi a 1902, suka ci Kano a 1903.

Gaskiya kuma, ba wasan jarumta ba ne. Kowane ɓangare ya ƙona garuruwa, ya kama bayi, talaka ne ya fi shan wuya.

Abin da ke damuna shi ne, na gama jami'a na fi sanin tarihin yaƙin Turai a kan na ƙofar gidanmu. Yanzu ragowar ganuwa ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu kuma suna ta tafiya.

Don haka ga aikin wannan mako. Ka ɗauki wayarka, ka je wurin dattijon unguwarku, ka tambaye shi inda ganuwa ta bi da sunayen ƙofofinta, ka naɗi muryarsa. In ya yarda, ka turo mana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.