Kafin Ka Huda Salansar Injin Yankan Itace

Da na je hutu Zinyau, na tarar da masu yankan itace na yayin huda salansar injinsu, wai don ya ƙara ƙarfi. Gaskiya ne, yana ƙaruwa, amma akwai sharaɗi.

Injin nan mai bugu biyu ne, kamar ƙaramin janareto. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai. Man da ka gauraya da fetur shi ke shafe fistin. Idan ka faɗaɗa salansa, hayaƙi zai fita da sauri, iska ta ƙaru, fetur ya yi kaɗan. Za ka ji injin na kuka kamar sabo, alhali zafi ne ke cinsa. In ba ka sassauta sukurun "H" na kafireta ba don fetur ya ƙaru, fistin zai kama, jarinka ya tafi.

Kafin nan, gwada masu arha: wasa haƙoran sarƙa, wanke matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ka auna mai daidai. Stihl na cewa 1 cikin 50, wato mililita 20 a kowace lita. Sau da yawa ƙarfin da kake nema a sarƙa ya ɓace, ba a inji ba.