Gudan jini a doguwar tafiya: abubuwan mamaki a taƙaice

Ashe zama ma yana kisa. Jinin da ke sauka ƙafa ba ya komawa zuciya da ƙarfin zuciya kaɗai. Naman sha-raɓa ne ke matse jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, yana tura jinin sama. Idan aka naɗe ƙafa awa da awanni babu motsi, jinin sai ya kwanta kamar kunun da aka ajiye ba a juyawa, har ya yi guda a cikin jijiya. Gudan nan na iya ɓallewa ya bi jini ya je ya toshe hanyar huhu, kuma a nan ajali yake kusantowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta a 2007: tafiyar da ta wuce awa huɗu a zaune tana ninka haɗarin sau biyu. Kada hankali ya tashi, domin ko bayan ninkin, kusan mutum 1 ne cikin 6,000 abin ke samu. Amma a lissafa yawan maniyyatan da ke tashi daga Kano, Sakkwato da Yamai zuwa Jidda kowace shekara, ga zaman jiran jirgi a sansanin alhazai kafin a tashi, sai a ga adadin ya wuce a yi masa riƙon sakainar kashi.

Wani abin mamaki, tun kafin a fara ɗora wa jirgin sama laifi aka gano matsalar, kuma a ƙarƙashin ƙasa. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, mutane kan kwana a maɓoya, zaune kan kujerun naɗewa masu katako a ƙarƙashin cinya. Likitan binciken gawa Keith Simpson ya lura cewa masu mutuwa da toshewar huhu sun ƙaru ainun. Da aka kawo gadaje mutane suka samu miƙe ƙafa, sai abin ya ragu. A 1954 ne wani likitan Amurka, John Homans, ya ba da labarin wani abokin sana'arsa da jini ya daskare masa a ƙafa bayan tafiyar awa 14 a jirgi.

Turawa sun daɗe suna danganta ciwon da kujerun masu ƙaramin tikiti, amma ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ce a 2012 babu hujjar da ta nuna ajin kujera ne ke jawo shi. Kujerar bakin taga, wadda kowa ke rububi, ita ce aka fi samu da laifi. Wanda ke can yakan ji nauyin tayar da mutum biyu don ya fita, sai ya haƙura ya yi ta zama. Kunya abin yabo ce, amma a wannan wurin ni ban ga amfaninta ba.

Dogaye da gajeru duk sun shiga. Wanda ya wuce mita 1.9 gwiwarsa a takure take, wanda bai kai mita 1.6 ba kuma ƙafarsa na reto, bakin kujera na danne masa bayan gwiwa.

Ƙarfin jiki ma ba ya hanawa. Naohiro Takahara, ɗan wasan gaba na Japan, ya rasa gasar cin kofin duniya ta 2002 da aka yi a ƙasarsa saboda gudan jini a huhu. A shekarar 2000 wata 'yar Birtaniya mai shekara 28 ta yanke jiki ta faɗi a filin jirgin Heathrow bayan ta sauko daga Ostareliya, kuma rasuwarta ce ta sa duniya ta farga.

Mota fa? Duk ɗaya. Bayan girgizar ƙasar Niigata a 2004, wasu Japanawa da suka koma kwana cikin motocinsu sun rasu ta wannan hanya. Don haka mai bas ɗin dare daga Kano zuwa Legas, buhu a ƙarƙashin ƙafa, jaka a kan cinya, shi ma maganar ta shafe shi.

Sai ga dabbar beyar ta ƙasashen sanyi, wadda ke kwance wata da watanni cikin rami lokacin hunturu, jininta bai daskare ba. A 2023 masu bincike suka gano cewa jikinta na rage wani sinadari mai suna HSP47 a lokacin barcin, kuma an ga irin wannan ragin a jinin mutanen da suka daɗe da shanyewar jiki. Ikon Allah!

Waɗanda ya kamata su fi kula su ne mai ciki da mai jego, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai ciwon daji, mai ƙiba sosai, da wanda abin ya taɓa samu. A ƙara da masu sikila, waɗanda muke da su da yawa. Irin waɗannan su ga likita kafin tafiya, domin akwai matsattsiyar safa ta asibiti da aka tabbatar tana taimakawa. Shan asfirin da ka ba shawarar likitoci ba ce, ƙwayar barci kuwa ƙara daskarar da mutum take yi a kujera. Sauran jama'a su riƙa tashi suna takawa, su riƙa ɗaga dunduniya da yatsu a zaune, su sha ruwa.

Haɗarin ba ya ƙarewa a ƙofar jirgi, yakan bi mutum har makonni bayan sauka. Alhaji ko Hajiya, idan kun dawo ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, kada a ce gajiya ce a kira mai tausa ko a gasa da ruwan zafi. Idan kuma haki ya zo farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, a tafi asibiti nan take, a faɗa wa likita cewa daga doguwar tafiya aka dawo.