Gaurayayyen Iri a Gonakin Kadawa

Manomin Kadawa zai samu ruwan madatsar Tiga da rani, ya zuba taki, amma in iri ya gauraya, wahala ce kawai. Shinkafar FARO 44 da aka daɗe ana ajiyewa daga girbi zuwa girbi sai ta fito wata doguwa, wata gajera, ba ta nuna tare. Na tumatir ya fi ciwo: irin aure na gwangwani ba ya maimaita kansa idan aka ciro daga 'ya'yansa aka sake shukawa.

Dokar iri ta 2019 ta ba hukumar kula da iri ta ƙasa (NASC) ikon tantance iri, kuma tantaccen iri yana ɗauke da lambar kankarewa da ake turawa ta waya don tabbatar da sahihancinsa. Kafin shuka kuma, don a gwada ko irin zai tsiro, a nannaɗe ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga waɗanda suka tsiro.