ZAWON YARA A ƘASAR KURFAI: ƘWARO ƊAYA, DANGI TAKWAS

A ƙasar Kurfai, daga Shikal har zuwa Filinge, ruwa bai da nisa cikin Dallol Boso. Akwai rijiyoyi, da damina kuma tafkuna na cika. Wannan ni'ima ce daga Allah. Amma ruwan da ke raya mutum da dabba shi ne kuma ke ɗauke da wani ƙwaro na hanji wanda likitoci ke kira jiyardiya.

Ido ba ya ganin ƙwaron sai da madubin likita. Wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya fara ganinsa a 1681, sa'an nan likita Lambl ya bayyana kamanninsa a 1859. Yana fita cikin bayan gida a lulluɓe da ɓawo mai ƙarfi, yana iya yin makonni da rai cikin ruwa mai sanyi. Kamar guda 10 sun isa su kayar da mutum. Bayan mako ɗaya ko biyu sai zawo mai wari da maiƙo ya taso, da kumburin ciki, da rama. Wani kuwa yana ɗauke da shi bai sani ba, yana yaɗa shi.

Ga madubi duk kamarsu ɗaya. Da masana suka binciki ƙwayoyin gadonsa, sai suka tarar ya kasu dangi 8, aka sa musu haruffa daga A zuwa H. Dangin A da B su ne ke kama ɗan Adam. C da D na karnuka ne, F na kyanwa, G na ɓeraye. Dangin E kuwa na shanu ne da tumaki da awaki, ko da yake an taɓa samunsa jikin mutane a Masar.

Mene ne amfanin wannan sani? Sanin dangi shi ke nuna hanyar da ciwo ya biyo. Kurfai ƙasar kiwo ce, garken shanun Azawak na Tukunus shaida ne. Saboda haka da yaro ya kwanta, da sauƙi a ɗora laifi bisa dabbobin da suka sha a tafki. Amma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna yawancin masu ciwon dangin A ko B ne gare su. Ma'ana, galibi ƙwaron daga cikin mutum yake fitowa ya shiga cikin mutum. Dabbobi kan ɗauki dangin A wani lokaci, shi ya sa raba wurin shan su da na mutane wajibi ne, amma babbar ƙofa ita ce bayan gida.

Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne yara ƙanana masu rarrafe, da gidajen da babu salga, da masu shan ruwan tafki, da masu ajiye guga a ƙasa kafin su zura ta rijiya. A 2022 lissafin OMS da UNICEF ya nuna fiye da rabin mutanen Nijar a fili suke bayan gida. Ruwan sama na farko kan kwashe wannan ƙazanta ya kai ta tafki da rijiyar da ba ta da baki. Yaron da ciwon ya daɗe gare shi abinci ba ya kama jikinsa, girmansa sai ya tsaya.

Abin yi a fili yake. A gina salga, a zuba kashin jarirai cikinta. A wanke hannu da sabulu kafin dama fura da bayan an kewaya. A tafasa ruwan sha, domin ruwan jabel shi kaɗai ba kullum yake kashe mai ɓawon ba. A rufe randa, a rataye moɗa. Wanda zawo ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi gidan likita, akwai maganinsa.

Magabata sun ce rigakafi ya fi magani. Hakimai da malaman yaƙi da jahilci su isar da wannan saƙo ƙauye-ƙauye. Allah shi ba mu lafiya, amin.