Mai jego a Ikko: ina za ta miƙe ƙafa?

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar macen da ta haihu lafiya ta riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. A makonni shida na farko jini ya fi saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, yawan kwanciya kuma na ƙara haɗarin. Makonni shidan nan kuwa su ne arba'in ɗinmu, lokacin da ake cewa mai jego jikinta ɗanye ne, kada ta fita.

Al'adar tana da hujjarta, mai jego na buƙatar hutu. Amma ba duk abin da ke cikinta ne ya tsira daga zargi ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta.

A Agege da Ajegunle, ni a ganina, ɗaki ya fi al'ada tsare mace. A Arewa akwai tsakar gida, ko matar kulle tana da wurin kai-komo. Nan kuwa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, da siririn lungu cike da risho da bokitai, banɗaki na kowa da kowa. A waje ga kwata, ga 'yan acaba, in damina ta sauka ruwa ya cinye layin. Wadda ba ta samu zuwa gida wankan jego ba, ba uwa ba kaka a kusa, wa zai riƙe mata jariri? Maigida ya yi sammako kasuwa ko mayankar Oko-Oba, sai dare.

Sai ka ji ana cewa ai wanki da ɗibar ruwa ma motsa jiki ne. Ɗaukar jarka ga wadda aka yi wa tiyata, ko wadda naman ƙasan mararta bai koma ba, wahala ce kawai, tana iya sa fitsari ya riƙa kuɓuce mata.

Abin da ake nema kaɗan ne: tafiyar minti goma da sanyin safiya, a riƙa ƙarawa, da matse naman mara kamar mai riƙe fitsari, wanda ko a zaune ana yi. Tafiyar ma sai maigida ya yarda, maƙwabciya ta karɓi yaro. In jini ya ƙaru, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a bar tafiya a nufi asibiti.